Waigen Mujiya

Mujiya suka sa wa jikana a makarantar ƙwallo, sunan kuma ya biyo shi har gida. Ranar da na fara ji raina ya ɓaci. Duk tsuntsayen duniya a rasa wanda za a liƙa wa yaro sai wannan? Na ce da shi, "Aboki, wane mara kunyar ne ya fara?" Ya kwashe da dariya ya ce, "Haba Tsoho, ai yabo ne. Ka taɓa ganin tsuntsun da ya fi mujiya juya wuya?"

Sai ya zauna ya yi mini karatu. Makarantar ta kulob ɗin garinmu ce, inda suke tara yara tun suna ƙanana su raine su har su kai babbar ƙungiya. Wai a wurin akwai kalma ɗaya da ta fi kowace daraja: waiga. Kafin ƙwallo ta iso ƙafarka, ka waiga ka ga wa ke bayanka, ina naka, ina na wasu. Koci ba ya gajiya da faɗinta. Waiga! Waiga! Har daga bakin titi ana jiyo shi. Suna da wani saurayi mai gilashi da ke ɗaukar kowane atisaye a bidiyo, ya koma ofis ya zauna yana duba wuyan yara, wa ya juya, wa bai juya ba. Aiki ke nan fa, a wannan zamani. To a duk 'yan ajinsu babu wanda ya kama ƙafar jikana wajen waige.

Mu biyu ne a gida, ni da shi. Ubansa ya rasu tun yaron yana rarrafe, uwarsa, 'yata ke nan, ta sake aure can nesa, aka bar mana shi ni da kakarsa. Ita ma kakar ta tafi ta bar mu. Ɗaki da falo muke haya a wani gida mai yawan mutane, inda kowa ya san sautin tarin kowa amma ba mai shiga ɗakin wani. Ni tsohon direban babbar mota ne, ciwon baya ya sauke ni. Ƙwallo kuwa ban san kanta ba, har yau ban gane abin da ke sa alƙalin wasa ya hana ci bayan ƙwallo ta shiga raga kowa yana gani ba.

Amma ban taɓa fashin zuwa ba. Da la'asar ta kawo jiki zan sa hula, mu hau bas tare, shi ya shiga ta ƙofar 'yan wasa, ni in zagaya bayan shingen waya in tsaya jikin wani turken lantarki. Nan ne wurina. Iyayen wasu yaran in sun zo sai ka ce su ne masu kulob ɗin, wannan ya ce buga, wancan ya ce riƙe, wani ya zagi uwar alƙali. Ni ban taɓa buɗe baki ba. Me zan ce? Tsayuwa kawai nake, in an tashi in karɓi jakarsa mu koma.

Wata rana Koci ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Mutum ne dogo mai furfura kaɗan a gemu, ba ya yawan fara'a. Ya ce, "Baba, yaron nan naka, na daɗe ban ga mai ido irinsa ba. Abin da muke shekara muna fama da yara a kai, shi da shi ya zo." Kai! Ranar nan kaina ya kumbura. Na gyara tsayuwa na ce, "Ai gado ne, ɗana. Wanda ya tashi a hannun direba dole ya san madubi. Ni kafin in taka birki sai na duba hagu na duba dama." Na maimaita wannan magana ga telan da ke ƙofar gidanmu, na maimaita wa mai aski, har sai da tela ya fara ƙarasa mini ita in na ɗauko.

Shekara ta zo ƙarshe, lokacin tankaɗe ya matso. Ajinsu ne ajin da ake rabewa: wasu a riƙe su a mai da su masaukin kulob, can za su kwana can za su yi karatu, sauran a yi musu godiya a buɗe musu ƙofa. Aka fara haɗa su wasa da waɗanda suka girme su. Nan ne abu ya fara lalacewa. Ƙwallo za ta zo wa jikana a tsakiyar fili, kafin ya juya wani ƙato ya fito ta bayansa ya ɗauke ta kamar ya ajiye masa. Yau haka, gobe haka. Ya dawo gida ba ya cin abinci, ya kwanta ya juya fuska bango. Ni kuma sai in zauna ina goge masa takalma.

Ana haka aka ce Koci yana nemana a ofis. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Ɗan ɗaki ne mai warin roba da zufa, ƙwallaye a raga a kusurwa, kofuna biyu sun yi ƙura a kan kanta. Mai bidiyo yana zaune gaban kwamfuta, ya ƙi haɗa ido da ni. Koci ya ja mini kujera ya ce, "Baba, zauna ka ga wani abu."

Suka kunna. Ga jikana a tsakiyar fili, ƙarami a cikin allo. Ƙwallo na tahowa, ya waiga. Ta sake tahowa, ya waiga. Na ce, "To ai ga shi yana yi."

Mai bidiyo ya ce, "Duba ɓangaren da yake waigawa, Baba. Hagu. Ga wani, hagu. Ga wani ma." Ya tura hoton gaba. "Nan an dawo daga hutun rabin lokaci, an sauya raga. Duba yanzu."

Dama. Dama. Dama.

"Kuskurena ne," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "Juya wuyan nake dubawa, ban taɓa tambayar me yake kallo ba." Ya tsayar da hoton, ya buɗa shi har shingen waya ya shigo. A jikin turken lantarki ga wani tsoho da hula, ya harɗe hannu a baya, ya ɗan rankwafa. Sai da na ɗauki lokaci kafin in yarda ni ne. Ban san na rankwafa haka ba.

Koci ya ce, "Wace alama kake yi masa?"

Nan fa ran maza ya ɓaci. Na ce, "Alama? Ni? Ka dube ni da kyau. Ni da ban san gaban ƙwallo da bayanta ba, wace alama zan yi? Je ka tambayi masu ihun nan da ke cika maka kunne, ni ko tari ba na yi a wurin!" Na miƙe zan fita, bayana ya riƙe, dole na koma na zauna.

Koci bai yi fushi ba. Ya dubi mai bidiyo, shi kuma ya nemo wani hoton. Ya ce, "Wannan ranar ba ka zo ba." Na tuna, ranar da ciwon baya ya kwantar da ni ce. Turken yana tsaye shi kaɗai, ba kowa a jikinsa. Yaron nan kuwa, duk ƙwallon da ta taho, sai ya waiga wurin. Har ya fi na kullum.

Jikina ya yi sanyi. Na kawar da ido daga allon.

Daga baya Koci ya ce, "Baba, ƙafarsa tana da kyau, kansa ma yana da kyau. Amma rabin fili bai taɓa ganinsa ba. Wasan tantancewa yana ƙarshen wata mai zuwa. In ya shiga a haka, ba zan iya riƙe shi ba, ko da ni kaɗai ke yanke hukunci, balle ba ni kaɗai ba ne." Ya shafa gemu. "Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ka daina zuwa."

Muka hau bas muka koma gida. Sai da muka shiga ɗaki, ya cire safa, na ce, "Aboki, me kake kallo a jikina? Riga ce sabuwa ko kyau na ƙara?"

Bai gane ba sai da na warware masa. Ya yi tsuru yana kallon ƙafarsa. Ya ce, "Wallahi Tsoho ban san ina yi ba."

"To yanzu ka sani. Me kake nema?"

"Ba komai. Ina dai dubawa ko kana nan."

"Ina za ni? Da wannan bayan?"

Yaron da ya buɗe ido ya ga uba babu, uwa ta hau mota, kaka an fita da ita, ba sai ya faɗa mini dalilin da ya sa yake duba ko mutum yana nan ba. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da ban lura ba tun tuni. Na yi ta maza na ce, "Daga gobe kai kaɗai za ka tafi. Na gaji da shan rana a kan mutumin da ake ƙwace wa ƙwallo."

Ban san la'asar tana da tsawo haka ba. Zai ɗauki jaka ya fita, in ji ƙarar ƙofar gida, shi ke nan. In kunna rediyo, in kashe. In wanke kofunan da na riga na wanke. Yaran maƙwabta suna makaranta ko suna wasansu, matan gida suna hirar da ba ta shafe ni ba, tela kuwa in keken ya tashi ba ya jin kowa. Sau da yawa sai in tsinci kaina na sa hula, ina tsaye tsakiyar falo, ba inda za ni. Wata rana har tashar bas na je. Na tsaya, bas ɗinmu ta zo, yaron mota ya san ni ya riƙe mini ƙofa, na ce masa wani nake jira. Na koma gida na zauna bakin gado ina kallon tsofaffin takalmansa da suka yi masa kaɗan. Kewa ce, ba wani suna da zan ba ta. Ashe duk tsayuwar da nake yi ba don shi kaɗai ba ne.

In ya dawo zan tare shi da tambaya. "Ka waiga?"

"Na waiga."

"Ina?"

Da farko sai ya sunkuyar da kai. Turken dai. Koci ya ɓullo masa da wata dabara: a sa mutum a bayansa da riguna kala-kala, kafin ya taɓa ƙwallo sai ya waiga ya faɗi kalar da aka ɗaga, ja ko kore ko rawaya, in ya kuskure a sake daga farko. Na ce wannan ai ko ni na iya. Muka mai da tsakar gida fili. Ya riƙa buga ƙwallo a bango tana dawo masa, ni ina bayansa ina zagayawa da sanda, ina ɗaga abin da hannuna ya kai.

"Buta!"

"Silifa!"

"Murfin tukunya! Tsoho, mayar kafin mai shi ta fito!"

Muka yi ta dariya har matar maƙwabcinmu ta leƙo tana tambaya ko lafiya. A tsakiyar dariyar na gane abin da nake yi. Ni da hannuna nake koya masa ya dubi abin da ke hannuna, ya bar duban fuskata.

Sannu a hankali labarinsa ya canza. Ya daina ambaton turke. Sai dai wai ɗan bayansu na dama yana son a ba shi ƙwallo a gaba, wai golansu ya iya magana, wai ashe akwai fili da yawa a can gefe wanda bai taɓa sanin da shi ba. Abinci ya dawo yana shiga. Ina sauraro ina gyaɗa kai, sunayen yaran ma ba na riƙewa.

Ranar tantancewa yana ɗaure jaka ya ce, "Ba za ka zo ba ko?"

Na ce, "Allah Ya kiyaye. Ina da abin yi."

Abin yin kuwa akwai shi. Tsallaken titin makarantar akwai wani bene, a samansa asibitin haƙori, tagar ɗakin jiransu tana kallon filin. Ina kuma da wani turmin haƙori a can cikin baki da ya daɗe yana girgiɗi, ina lallaɓa shi. Ban sa hula ba. Na sauka daga bas kafin a kai makarantar, na bi ta bayan shaguna, na hau benen nan ina hutawa a kowane mataki. Nas ta ba ni kati ta ce in jira. Na zaɓi kujerar da ke jikin taga.

Ban taɓa ganin filin daga sama ba. Gilashin a rufe yake saboda na'urar sanyi, ba ka jin usur, ba ka jin ihu, sai yara suna ta gudu shiru. Na gane nawa daga tafiyarsa. Ga manyan kulob a zaune ƙarƙashin rumfa, ga Koci a tsaye ya harɗe hannu. Ga turkena can, wata mata mai lema ta tsaya a wurina.

"Baba, kai ne," in ji nas.

Na ce, "'Yata, bari wannan bawan Allah ya shiga, kin ga kumatunsa."

Ƙwallo ta taho masa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, kafin ƙaton da ke bayansa ya iso ya riga ya tura ta can gefe, inda wani yaro ke gudu shi kaɗai. Ban san lokacin da na bugi gwiwata ba. Ta sake zuwa, ya sake. Wuyan nan yana juyawa ba hutawa, mujiya sak, amma yanzu ko'ina yake kai ido.

"Baba."

"Ki sa yarinyar nan, tana kuka."

Can ƙwallo ta fita waje ta gangara har gindin turken. Shi ya je ɗaukowa. Na miƙe tsaye ban sani ba, goshina a jikin gilashi. Ya isa wurin, taku ɗaya tsakaninsa da inda na saba tsayawa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya juya baya, idonsa yana cikin fili yana neman wanda zai jefa wa. Ko ɗaga kai bai yi ba.

Na ji daɗi, Allah Ya sani na ji daɗi. Kuma abin ya yi mini ciwo. Duka biyun a lokaci ɗaya, ban san ana yin haka ba.

Nas ta tsaya a kaina, ta riƙe ƙugu. "Baba, ba sauran kowa sai kai. Haƙori ka zo cirewa ko kallo?" Ba yadda na iya. Na bi ta, aka kwantar da ni, aka danna mini allura. Likita ya ce turmin ya riga ya gama aiki tuntuni. Kafin in fito an tashi, filin ba kowa sai mai ban ruwa yana jan tiyo.

Na riga shi isa gida. Na sa hula, na zauna a falo, auduga cike da bakina, rabin fuskata kamar ba tawa ba. Rana ta yi sanyi amma ba ta faɗi ba lokacin da na ji an banko ƙofar gida. Ya faɗo falon ko takalmi bai cire ba.

"Tsoho! Sun riƙe ni! Sun riƙe ni! Ran Litinin zan koma masauki, an ma nuna mini gadona, na sama ne!" Sai ya lura da kumatuna. "Me ya same ka?"

Na nuna bakina, na yi alamar cirewa.

"Ashe da gaske kana da abin yi." Ya durƙusa gabana ya kama gwiwoyina, yana haki, fuskarsa tana ƙyalli. "Da ka ga wasan nan! Koci ya ce ban taɓa yin irinsa ba. Kuma ka san wani abu? Wallahi Tsoho, ko sau ɗaya ban tuna da kai ba. Ko sau ɗaya! Sai da aka busa tashi na ce, au, Tsoho!"

Ya tsaya yana kallona, yana jiran in yaba. Abin da muka yi wata guda muna nema ke nan, ya kawo mini shi da hannu biyu. Na gyaɗa kai da ƙarfi. Na so in ce madalla, audugar ta cinye rabin kalmar, sai na dafa kansa.

"Idonka yana ruwa," in ji shi.

Na sake nuna bakina.

"Sannu. Zai daina." Ya miƙe yana dube-dube. "Ina babbar jakar nan? An ce kowa ya zo da kayansa duka."

Na nuna masa saman kabad. Ya jawo kujera ya hau.